Kyamarar farko: kada lambar megafiksel ta cinye miki adashe

Tambaya: Malam, ina wuni. Ni ɗaliba ce a Tawa. Na daɗe ina ɗaukar hoto da salula a bukukuwan dangi, yanzu ina son in mai da shi sana'a. Na ɗauki adashe, jikka 250. Wani mai shago ya nuna mini kyamara sabuwa fil a kwali, an rubuta 48MP da 4K a jikinta, jikka 60 kacal, ya ce ta ninka Canon mai 24MP. Tsoro nake ji, Malam, don in kuɗin nan suka salwanta ba ni da wasu.

Amsa: Lafiya lau, ƙanwata. Tsoronki yana kan hanya. Kada ki saye ta, ko da ya rage miki rabi.

Maganar megafiksel (MP) ɗin nan, wato adadin miliyoyin ɗigon da ke cikin hoto, ta ishe ni. Kusan kullum sai wani yaro ya shigo mini a nan Yamai da irin wannan roba mai rubutun zinariya, idonsa ya yi ja, wai ya ɗauki aure a cikin ɗaki, fuskar amarya ta fito kamar an goga mata toka, lallen hannunta ya zama dunƙulen baƙi. Ga dangi suna jiran hoto, ga kuɗi sun tafi.

Abin da ke yin hoto shi ne haske, abin da ke karɓar hasken kuma shi ne sensa, farantin da ke bayan gilashi. Babbar sensa da ake kira APS-C, wadda ke cikin Nikon D3500 ko Sony a6000, tana da milimita 23.5 a tsawo, 15.6 a faɗi. Ta waɗannan ƙananan kyamarori galibi ba ta wuce milimita 6 da 4.6 ba, wato ta farkon ta fi ta fili wajen sau 13. Ƙaramar gona da aka raba wa magada 48, da babbar gona da aka raba wa 24, wa zai fi cika rumbu? Haka kowane ɗigo yake samun rabonsa na haske. Abin da ya fi ɓata mini rai, 48 ɗin ma sau da yawa ƙarya ce: kyamarar tana ɗaukar ƙaramin hoto, sai manhajar ciki ta kumbura shi. Fayil ya yi nauyi, memori ta cika, zaren shadda ko ɗaya bai ƙaru ba.

Ke nawa ma kike bukata? Hoton santimita 10 da 15 da ake sa wa a albam, megafiksel 2 sun ishe shi. Takardar A4 cikakkiya ba ta kai 9 ba. 4K ɗin bidiyo da yake miki kuri da shi, megafiksel 8 ne da 'yan kai. Sony a7S III, wadda ta fito a 2020, ƙwararrun masu bidiyo ke aiki da ita, megafiksel 12 gare ta. Je ki tambayi mai shagon ko tasa ta ninka wannan sau huɗu. Sannan yawancin hotunanki ta WhatsApp za a tura su, shi kuwa matse su yake yi. Masu sayar da waɗannan kaya ba su taɓa tsayawa a ɗakin amarya da magariba ba, kwan fitila ɗaya, mata sun cika ƙofa. Lamba suka haddace. Wanda ya san gaskiya ya ɓoye don ya karɓi adashen ɗaliba, ya ji tsoron Allah.

Da kuɗinki, nemi ta hannu mai lafiya: Nikon D3500 ko Canon 2000D, dukansu na 2018, ko a6000 ta 2014. Ni D3500 zan zaɓa miki saboda batir, caji ɗaya yana kai hoto 1,500, ke kuwa kin san yadda wuta ke yi a watan Afrilu. Kada ki zuba kuɗin duka a gangar jiki. Ki rage na objektif, wato gilashin gaban kyamara, mai buɗewa sosai har f/1.8, 35mm na Nikon ko 50mm na Canon, shi ke ceton hoto a ɗaki mai duhu. Idan Nikon ce, ki duba an rubuta AF-S ko AF-P a jikin objektif ɗin, don tsofaffin AF-D ba sa saita kansu a kan D3500.

Kafin ki biya, tafi da memorinki. Ɗauki farin bango a f/22, wato ki matse buɗewar gilashin, ki buɗe a kwamfuta, duk ƙurar da ke kan sensa za ta bayyana. Haska fitilar salula cikin gilashin ki ga ko da hazo ko ƙarzuwa. Ki bincika sau nawa aka harba ta, wato hoto nawa ta ɗauka: masu ƙaramin kuɗi an gina su ne don wajen 100,000, kuma Nikon tana rubuta adadin cikin fayil ɗin hoton. Mai kayan da ya hana ki gwadawa, ki yi masa sallama.

In hunturu ya kama, kada ki canza objektif a waje. Shiga ɗaki, kashe ta, ki kifa bakinta ƙasa. Ƙura ta shiga, 'yar roba mai hura iska ake sa wa. Ban da hurawa da baki, ban da gefen mayafi.