Ba bindigarka ce ke kashe ka a Helldivers 2 ba

Ɗan'uwa, tun jiya na ga tambayarka, na bari sai na sami natsuwa don amsar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce sati biyu ke nan da ka fara Helldivers 2, gem ɗin harbi da mutum har huɗu ke haɗuwa su yaƙi manyan ƙwari da mutum-mutumi, a matakin wahala na 3 kana gama aiki lafiya lau, amma da ka hau na 5 ko na 6 sai ƙwari su yi muku rubdugu, rayuka su ƙare tun ba a kai rabin aiki ba, har sau biyu mai masaukin wasa ya kore ka. Shi ne kake tambayar wace bindiga ce ta fi kisa.

Ni ma wannan tambayar na yi ta yi lokacin da na fara, jim kaɗan bayan fitowar gem ɗin a watan Fabrairun 2024. Na canja bindiga ta fi a ƙirga, mutuwar da nake yi ba ta ragu ba. Abin da ya rage ta shi ne ranar da na gane cewa ƙwarin nan ba sa ƙarewa. Kamfanin Arrowhead na ƙasar Suwidin da ya ƙera gem ɗin da gangan ya yi shi haka. Ko dubu ka kashe, wasu na tafe. Abin da ake lissafa maka shi ne aikin da aka turo ka: harba makami mai linzami, fasa ƙwayayen ƙwari, kwashe farar hula, ko ma mene ne aka sa wa alama a taswira. In kun gama babban aikin, an ci nasara ko da babu wanda ya shiga jirgin komawa. Yawan kisan da ake nunawa a ƙarshe ado ne kawai.

Bari in ba ka labarin daren da na koyi wannan. Mu huɗu ne, mataki na 6, aikin minti 40. Muna sauka muka hango ayarin ƙwari masu sintiri suna wucewa can nesa, ba su ma gan mu ba. Ni uban zumuɗi na buɗe musu wuta. Na kashe manyan, na bar wani ɗan mitsitsi a baya. Sai na ga ya tsaya cak, ya ɗaga kai sama, wani hayaƙi ruwan lemo yana fita daga jikinsa. Kafin in ce me, ƙasa ta tsage, suka fara ɓulɓulowa. Muka ja daga muka tsaya. Muna cikin wannan wani ayarin ya ji ƙarar harbi ya iso, a cikinsu wani ya sake yin kira, ƙasa ta sake tsagewa. Sai da muka shafe fiye da minti goma a kan wani fili da babu komai a cikinsa, babu rami, babu aiki, babu abin ɗauka. Da ƙura ta lafa, cikin rayuka 20 da ake bai wa tawagar mutum huɗu saura shida, kuma ko aiki ɗaya ba mu taɓa ba. Wani da ya girme mu a wasan, wanda tun farko bai ce uffan ba, ya rubuta kalma ɗaya: tafi. Ya sa alama a taswira ya ranta a na kare. Muka bi shi. Abin mamaki, yawancin ƙwarin da suka hana mu sakat muka bar su a baya, suka ɓace mana.

To ka riƙe wannan tukuna. Ayarin da bai gan ka ba, bar shi ya wuce. In ya zama dole ku yi faɗa, fara da ƙananan, don su suka fi saurin yin kiran. In ƙasa ta riga ta tsage kuma babu abin da kuke karewa a wurin, jefa musu harin sama ɗaya a bakin tsagar ka ba wa ƙafa aikinta. Haka abin yake a fagen mutum-mutumin Automaton, sai dai su wuta suke harbawa sama, jirage su zo su zubo su. A can kuma tsayuwa a fili ta fi muni, don su harbi suke yi, dole ka nemi dutse ka laɓe.

Maganar korar da aka yi maka, ban san yadda aka yi ba, amma ina iya cinkawa. A gem ɗin nan harbin ɗan'uwa yana kisa, kuma babu inda ake kashe wannan tsarin. Harsashinka, gurnetinka, bam ɗin da ka kira, bindigar da ka kafa mai harbi da kanta, har kwandon ƙarfen da kake saukowa a ciki, duk suna kashe naka kamar yadda suke kashe maƙiyi. Kowa ya san haka, kuma yawanci dariya ake yi. Abin da ke tunzura mutane shi ne wanda ya maimaita kuskure ɗaya sau uku bai ce a yi haƙuri ba. Sababbi sun fi yin ɓarna da abu biyu. Na farko bam mai tarwatsewa na jirgin Eagle, wanda faɗinsa ya fi yadda ake zato. Na biyu igwar da ake kafawa mai cilla bam sama: ita ƙwaro kawai take gani, ƙwaro kuwa kullum a jikin abokinka yake. A fagen ƙwari ka ajiye ta sai ka ƙware.

Kada ka ɗauka daga kan tudu nake magana. Akwai ranar da muka gama komai, muka tara samfura masu yawa, abubuwan da ake tsinta a fage don inganta kayan yaƙi, muka kira jirgi, saura kamar sakan 30 ya sauka. Ga wani Bile Titan ya tunkaro, dogon nan mai ƙafafu kamar turakun gini, mai amayo guba. Na danna sama, dama, ƙasa, ƙasa, ƙasa, ƙwallon kiran bam mai kilo 500 ta kunnu a hannuna. Na ɗaga hannu zan jefa ke nan wani Charger, ƙaton ƙwaro mai sulke da ke tahowa a guje, ya bangaje ni ta baya. Na yi sama na faɗo, ƙwallon ta suɓuce ta faɗi daidai tsakiyar inda abokaina uku suka taru. Na ga jan hasken nan ya miƙe sama. Ko ihu ban samu na yi ba. Daga ranar ban ƙara riƙe ƙwallo kunnanniya a hannu ina neman saiti ba. In na danna, jefawa nake yi nan take, in ban shirya jefawa ba, ba na dannawa.

Yanzu ga abin da ya fi kusa da tambayarka. Bindigar da kake sauka da ita ta ƙanana ce da matsakaita, kuma Liberator ɗin da aka ba ka tun farko tana wannan aikin ba laifi. Abin da ke canjawa in ka hau sama shi ne masu sulke sun fara yawa, su kuwa ƙaramin harsashi tsalle yake yi a jikinsu. Maganinsu yana cikin gurabe huɗun nan na stratagem, wato makamai da tallafin da ake kira daga sama, da kake cikewa kafin sauka. Kafin ka danna shiri, dubi abin da sauran suka ɗauko. In ka ga babu mai maganin sulke, kai ka ɗauka. Ga sabo, ban ga kamar EAT-17 ba: roka biyu ake sauko maka da su, kowace harbi ɗaya ka yar, kuma minti ɗaya da 'yan sakanni ka sake kiran wasu. Ko ka mutu ba ka yi asarar komai ba. Charger in ya taso maka, kada ka juya masa baya ka miƙe a guje, zai cim maka. Ka tsaya ka saita goshinsa, ko ka kauce gefe ya wuce, kafin ya juyo ka samu sarari. Ni yawanci haka nake cike gurabena: abu ɗaya na sulke, ɗaya na share taro, ɗaya na gaggawa in babba ya matso, na huɗun kuma ya danganta da aikin. Ban ba ka jerin sunaye ba don ana yawan gyara ƙarfin makaman, wanda ake yabo wannan watan wata mai zuwa a ce ya yi sanyi.

Akwai 'yan ƙananan abubuwa da babu mai gaya maka. In ka sauya gidan harsashi da saura a ciki, sauran ya tafi ke nan, don haka ka daina sauyawa bayan kowane harbi uku. Akwatin guzuri, wato ƙasa, ƙasa, sama, dama, na kowa ne, kuma kaso huɗu ne a ciki, ɗaya naka. Wanda ya kira shi can shi kaɗai ya kwashe biyu ya jawo wa kansa baƙin jini. Ka haddace sama, ƙasa, dama, hagu, sama har yatsunka su riƙa yi ba tare da ka duba ba, don da shi ake dawo da wanda ya mutu. In za ka jefa, kada ka jefa shi cikin taron da ya kashe shi, kuma kada ka cilla shi wata uwa duniya nesa da kayansa. In ka ga wani ƙwaro mai ɓacewa yana bayyana, mai dogon harshe, wato Stalker, to akwai raminsu a kusa, kuma ba za su daina zuwa ba sai an toshe shi. Ku bar duk abin da kuke yi, ku bi ta inda suke fitowa, gurneti ɗaya a kowane rami.

Samfura kuma, don Allah kada ka yi faɗa a kansu. Duk wanda ya ɗauka, in dai ya shiga jirgi da su, kowa ya samu daidai. Haka lambobin yabo da kuɗin cikin gem ɗin da ake tsinta. Na taɓa ganin wanda ya harbe abokin tafiyarsa don ya kwashe samfuran da ya zubar, ban san ko dariya zan yi ko takaici ba. In mai ɗauke da su ya faɗi, suna zubewa a wurin, ana ganinsu a taswira. A koma a ɗauko in hanya ta yi kyau. In ba ta yi ba, a haƙura, kada garin neman gira a rasa ido.

Wurin jiran jirgi kam tsayuwa ta zama tilas, minti biyu ne, kuma in kuka yi nisa da wurin ƙidayar tana katsewa. Ku kafa bindigoginku masu harbi da kansu a gefe, kan tudu in akwai, ba a tsakiyarku ba. In ɗaya ta juyo ta inda kake, ka kwanta. Kuma in Pelican, wato jirgin komawa, ya sauka, kada ka yi wuf ka shige alhali wani yana can baya da samfura, don da mutum ɗaya ya shiga jirgin ya fara shirin tashi, sakanni kaɗan ne. Wannan kaɗai ya isa a kore ka.

Da ni ne kai, da na koma mataki na 4 na yi kamar kwana uku. Ba don koyon harbi ba, ka riga ka iya. Ka zaɓi mutum ɗaya a tawagar ka maƙale masa, inda ya nufa ka nufa, in ya tsaya a na'ura yana danne-danne ka juya masa baya ka tsare shi. In kuka tarar da ƙofar nan mai maɓalli biyu da sai mutum biyu sun danna tare take buɗewa, ka tsaya a ɗaya ka sa alama, zai zo. Ko ba ka da makirfo, alama ta isa. In kana kan PS5 ne ko kwamfuta duk ɗaya ne, ana haɗuwa. Ka faɗi lokacin da kake hawa, in ya yi daidai da nawa mu sauka tare sau biyu ko uku, in ga abin da kake ɗaukowa a gurabenka.