Ƙanwata ta gama aji uku na sakandare, Baba ya ce karatu ya isa haka

'Yar'uwa, in na fahimce ki, yarinyar tana son ci gaba, Baba kuwa ya ce aure ne ya rage.

Fara gano abin da ke damunsa. Sau da yawa ba karatun ake ƙi ba, tsoron hanya ne, ko kuɗin mota da na jarrabawa, ko surutun unguwa. In nisa ne, ku nemi makarantar 'yan mata zalla, ko ta riƙa tafiya da ƙawayenta. In kuɗi ne, ki tambayi shugabar makarantarsu ko AGILE, shirin tallafa wa karatun 'yan mata, yana tallafa musu, don yana aiki a Kano da Katsina da Kaduna.

Kada ki tunkare shi gaban mutane, kada kuma ki fara da maganar doka, zai ga raini ne. Ki bi ta wajen kawu ko limamin da yake jin maganarsa. A tuna masa Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗan Fodiyo, wadda ta riƙa tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka su karantar da mata. A tambaye shi kuma: in mata ba su yi karatu ba, wa zai so namiji ya karɓi haihuwar 'yarsa?

In ana shirin ɗaura auren ba da yardarta ba, ki kai maganar ga mai unguwa, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.