Tambayi Mai Labule: Yadi nawa tagar amarya za ta ci?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Bikin ƙanwata saura wata biyu, kuma ni aka ɗora wa labulayen jere. Na shiga Kantin Kwari, wani ya ce yadi uku ya ishi taga ɗaya, wani ya ce sai biyar. Ga maganar shafi da zobe da ƙugiya duk ta ruɗa ni. Don Allah ki warware mini.
Yayar amarya, daga Gusau

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Babu wanda ya yi miki ƙarya a cikinsu, ke ce kika je musu babu awo a hannu.

Ki fara da ƙarfen labule, domin shi ake aunawa, ba tagar ba. Ƙarfen yana wuce taga da kamar inci 6 a kowane gefe, a kafa shi inci 4 zuwa 6 sama da ita. Tagar da faɗinta inci 48 ne, ƙarfenta zai zama 60. Sai ki ninka biyu saboda tattara, ya zama 120. Yadi ɗaya inci 36 ne, kin ga yadi uku da rabi ke nan har da kalmasar gefe. Wannan lissafin na yadi mai faɗin inci 110 ne, wanda faɗinsa ke zama tsayin labulen, don haka ki sa a auna faɗin a gabanki. Wanda ya ce biyar yana so ya cika ne sosai, kuma a falo yana kyau. Na yadi uku kuwa tattararsa za ta ɗan ragu, ba zai cika kamar na uku da rabi ba.

Saman labule iri biyu za ki fi gani. Akwai mai huda, wanda zobban ke manne a jikin yadin ana zura ƙarfen ta ciki. Ki ƙirga hudar, kada ta zama mara, sai takwas ko goma, in ba haka ba gefe ɗaya zai juyo yana kallon ɗaki. Akwai kuma mai tattara da ake rataya da ƙugiya a jikin zobe. Ga amarya na fi son mai huda, ita kaɗai za ta sauke ta wanke ta mayar in ƙurar hunturu ta yi yawa.

Inda nake so ki saurare ni da kyau shi ne shafi, wato yadin da ake ɗinkawa ta baya. Mutane na zuba kuɗi a geza da tuntu da igiyar ɗauri, in aka zo shafi sai a ce a bari. Bara wata baiwar Allah ta dawo mini da labule ruwan hanta da na ɗinka mata babu shafi, tagarta na kallon yamma. Duk bayan tattara ya koɗe layi-layi, da na ja da yatsa biyu sai ya tsage. Raina ya ɓaci, don yadi ne mai tsada, kuma na roƙe ta tun farko. Shafi shi ke shan rana, ya rage zafin ɗaki, ya hana a hango inuwar mutum da dare in an kunna fitila. In kuɗin sun gaza, ki bar gezar.

Shara-sharan da ake sawa ta bayan mai kauri yana son ƙarfensa daban, sai ki nemi mai layi biyu. Tsayi kuma a bar inci ɗaya tsakaninsa da ƙasa saboda shara da goge-goge.

Kicin kada ki kai masa dogon labule kusa da wuta. Asabarin zamani na roba ya wadatar, ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Ki tura a auno miki tagogin gidan ɗaya bayan ɗaya kafin ki koma Kwari, don da wuya ki samu na falo da na uwar ɗaka sun zo daidai.