Tambaya da Amsa: Mece ce "Duplicity"?

Tambaya: Malam, ina shirin rubuta JAMB. Na karanta a jarida an zargi wani ɗan siyasa da duplicity. Ni dai duplicate na sani, ta wurin masu hoton takardu. Yaudara ake nufi ko me? Daga wata ɗaliba a Funtuwa.

Amsa: 'Yata, hasashenki bai yi nisa ba, don uwarsu ɗaya. Dukkansu sun fito daga Latin duplex, wato mai ninki biyu. Duplicity ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci tun ƙarni na 15. Wajen furuci, ki danna murya a kan "pli".

Yaudara ce, amma ba kowace iri ba. Wanda ya damfare ki kuɗi fraud ya yi, shi ne ɗan 419. Mai algus a mudu cheating ya yi. Duplicity kuwa ita ce fuska biyu: mutum ya zauna da ke ya ce yana bayanki, da dare kuma yana gidan abokin hamayyarki yana rantse masa. Wannan hali ne hadisin Abu Huraira a Buhari da Muslim ya sa mai shi cikin mafi sharrin mutane, mai zuwa wa waɗannan da wata fuska, waɗancan da wata.

Misalin da nake ba ɗalibaina shi ne na Birtaniya a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Tsakanin 1915 da 1916 tana musayar wasiƙu da Sharif Husaini na Makka kan 'yancin Larabawa, a 1916 ɗin kuma ta ƙulla yarjejeniyar sirri ta Sykes-Picot da Faransa don raba yankin. Masu sukarta da wannan kalma suke kiran abin, kuma a ganina ta dace.

Kalma ce ta rubutu da manyan maganganu, kada ki jefi ƙanwarki da ita don ta ɓoye miki alawa. Ana cewa accused of duplicity, mai halin kuma duplicitous ne.

Idan lauya kike son zama, riƙe wannan: a kotu, in an ce tuhuma tana da duplicity, ba a ce mai gabatar da ƙara munafuki ne ba. An cusa laifuka biyu ne cikin tuhuma guda, alhali doka ta ce kowane laifi da tasa tuhumar.