Tsinken gwajin suga ya yi tsada, yaya zan yi da Baba?

Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce kana da na'urar, tsinken ne ke cinye kuɗi. Haka abin yake, shi ya sa nake fara tambayar farashin tsinke kafin na'ura, kuma ko ana samunsa a kemis ɗin unguwa. Misali, tsinken na'ura samfurin Accu-Chek ba ya aiki a wata na'urar.

Kada araha ta ja ka: duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Rufe kwalbar da zarar ka ɗauki ɗaya, kada ta kwana a mota, zafi na ɓata shi. A wanke hannu tukuna, ragowar dabino a yatsa kan ɗaga lambar da na'urar ke nunawa, tsinke ya tafi a banza.

Likita ne zai faɗi sau nawa za a gwada, musamman in yana allurar insulin. In sugan Baba ya sauka ƙasa da 70 mg/dL a na'urar, a ba shi abu mai zaƙi nan take, a sanar da likitansa.