Gyaran gida daga nesa: ɗan kwangila ko ƙanena?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ɗan Birnin Kebbi ne, ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12 a Legas. Na sayi tsohon gida mai ɗaki huɗu a unguwar Badariya da ke Birnin Kebbi, nufina in gyara in sayar. Rufin na yoyo, gara ta ci katako, ga wata tsaga a bangon falo. Gida kuwa sai da Sallah nake leƙowa. In damƙa wa ɗan kwangila ɗaya aikin duka, ko ƙanena ya riƙa kiran birkila da kafinta ɗaya bayan ɗaya, mu rage kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Da fenti ne kawai da canjin ƙofofi, da na ce ƙanenka ya isa. Amma aikin da ya haɗa rufi, wayarin, famfo da filasta yana son mutum ɗaya da za a kama idan abu ya ɓaci. In ka rarraba, ranar da silin ya jiƙe kafinta zai ce laifin birkila ne, birkila ya ce na mai famfo ne, kai kana Legas kana sauraron shari'a ta waya. Ka ba ɗan kwangila. Ribar da zai ɗora ba ta kai asarar fasa bango a sake ba.

Sai dai kada mai yin aikin ya zama shi ne mai duba kansa. Nan ne ake cin kuɗin matafiya. Kafin a taɓa komai, ka sa ƙwararren mai ƙididdigar kayan gini ya rubuta komai dalla-dalla: buhun siminti nawa, bandir ɗin kwano nawa kuma mai wane kauri, wace irin waya. Da wannan takarda za ka nemi farashi wajen mutum uku, kuma a rubuta wa zai ɗauki ƙarin idan siminti ya tashi. Kuɗi kuma zango-zango: a gama rufi, a duba, a biya. Ka riƙe kashi 5 cikin 100 har wata shida bayan kammalawa, kamar yadda ake yi a manyan kwangiloli. So samu ma ruwan Agusta ya daki rufin kafin ka saki ragowar.

Ƙanenka yana da aiki a nan, amma ka yanka masa lada. Na kyauta ba a iya yi masa faɗa, zumunci ne ke shan wahala. Ya riƙa kiranka ta bidiyo a WhatsApp, musamman kafin a yi filasta, ka ga wayoyi da bututu a cikin bango da idonka. Hoto ba ya wadatarwa, kowa ya san kusurwar da za a tsaya gida ya fito fes.

Tsagar nan ce ta fi tsaya mini a rai. In siririya ce a fuskar filasta, ba komai. In kuwa ta taso a karkace daga kusurwar taga, tana faɗaɗa har za ta ɗauki bakin makulli, to wataƙila tushe ne ke zaunawa. Kada ka yarda a cusa siminti a shafe da fenti. Ka kira injiniya mai rajista da COREN, wato hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya gani tukuna, domin abin da zai faɗa na iya sauya lissafin ribarka gaba ɗaya.

Ba ka ambaci takardu ba. Idan gidan gado ne, ka tabbata duk magada sun sa hannu. Idan yana da C of O, wato takardar shaidar mallaka ta gwamnati, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake mayar da shi sunan wani, kuma mai saye da idonsa buɗe zai tambaya. Ka kuma tura ƙanenka ofishin Kaduna Electric ya duba ko akwai tsohon bashin wuta a kan gidan, kafin dillali ya kawo mai taya.