Tambayoyinku: Ko Cefane a Hannun Manoma Ya Fi Sauƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Hajiya. Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu a Hotoro, cikin Kano. Maƙwabciyata tana yawan ba ni shawara in rage sayen kayan miya a teburin unguwa da tumatirin gwangwani, in riƙa zuwa inda manoma ke sauke kaya. Maigidana kuma ya ce kuɗin mota zai cinye rangwamen. Wane ne ya fi gaskiya a cikinsu, kuma shin abin da aka noma a kusa da mu ya fi tsafta?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kowannensu yana da tasa gaskiyar, amma na fi karkata ga maƙwabciyarki, bisa sharaɗin cewa za ki sauya yadda kike saye. Idan tumatirin miyar yau kaɗai zai kai ki kasuwar kayan gwari ta 'Yankaba, lissafin maigida daidai ne. Kasuwa irin wannan ta kwando ce da buhu, saboda haka abin da ya dace shi ne ku haɗu ku uku ko huɗu a unguwa, ku tara kuɗi, mutum ɗaya ya yi sammako ya sayo, sannan ku raba. Ki kuma sani cewa yawancin waɗanda za ki tarar a can dillalai ne da 'yan sari. Mai son ganin manomi da kansa sai ya bi kasuwannin ƙauye ranar da suke ci, ko ya je Kwanar Gafan a kan hanyar Zariya, inda manoman Kadawa, masu ban ruwa da ruwan madatsar Tiga, suke fito da tumatirinsu.

Abin da nake so ki fi riƙewa shi ne lokaci, domin a nan ribar take. Daga tsakiyar sanyi zuwa wajen watan Maris tumatirin rani yakan cika kasuwa har manomi ya rasa mai saye, kuma babu abin da ke taɓa mini zuciya kamar ganin kwandunan da mutum ya yi wata uku yana wahala a kansu suna ruɓewa a bakin titi. Da zafin bazara ya kankama, har zuwa farkon damina, sai kayan su yi wuya. Iyayenmu sun san wannan, shi ya sa suke yanka tumatir su shanya ya zama kauɗa, su busar da tattasai da attaruhu da kuɓewa. Ke ma ki saya da yawa lokacin araha, ki shanya a kan tabarma mai tsafta nesa da ƙura, ko ki niƙa ki dafa har ruwan ya tsane. Waɗanda suka yi haka ba su ji jiki sosai ba a shekarar 2016, lokacin da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna. Idan damina ta zauna kuwa, ga zogale da rama da yakuwa da alayyafo, sai tukunyarki ta bi abin da ƙasa ta bayar.

Game da tsafta, kusanci ba shaida ba ne. Gaskiya ne cewa ganyen da aka yanko da asuba ya fi wanda ya kwana biyu a mota ɗanɗano da amfani, amma akwai lambunan cikin gari da ake shayarwa da ruwan kwata, akwai kuma masu fesa maganin ƙwari ana gobe za a tsinka. Wake ya fi ba ni tsoro, domin wasu 'yan kasuwa suna zuba masa fiya-fiya don kashe ƙwari, kuma irin wannan sinadari ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Ki shinshina kafin ki saya, ki guji wanda yake warin magani, in kuma za ki adana shi, ki nemi buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ba ya bukatar magani. Salak da kabeji da karas, da duk abin da za a ci ɗanye, ki wanke su sau da yawa da ruwa mai tsafta.

Amfanin sabawa da manomi ɗaya shi ne za ki iya tambayarsa inda gonarsa take da ruwan da yake ba ta, shi kuma zai ji nauyin ya ba ki mara kyau. Ki yi tayi kamar yadda aka saba, amma idan ya ce albarka sau biyu, ki ƙara masa wani abu, domin shi ya sayi taki da man injin ban ruwa.